Taura biyu za ta taunu? Bayani kan haɗa karatun shari'a da na tarihi

A makon jiya wani bawan Allah ɗan asalin yankin Kanambakashe, wanda ya daɗe yana neman halalinsa a Abijan, ya turo mana saƙon murya. Ɗiyar ƙanensa ce ta gama lisansi a fannin shari'a, shi ne kuma ke ɗauke da nauyin karatunta tun daga lise. Yanzu ta ce masa tana son ci gaba zuwa masta, amma tana son ta haɗa shari'ar da tarihi. Alhajin ya ce kansa ya ɗaure. A cewarsa, tarihi ai maroƙa ne ke ba da shi a ƙofar fada ranar salla, me zai sa ya ci gaba da aiko da jikkuna don yarinya ta koyi abin da ake ji kyauta? Ya rufe da cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Da yawa daga cikin ɗaliban Tasawa da Mayahi da ke jami'a, kuɗin ɗakinsu da na abincinsu daga Kano, Legas, Abijan, Aljeriya ko Libiya yake zuwa. Wanda ke zuba gumi yana da hakkin ya san inda kuɗinsa ke tafiya. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani dalla-dalla: mene ne wannan karatu, me yake amfana mana a nan karkara, ta wace hanya ake yin sa, kuma ina haɗarinsa yake.

Shari'ar gona, shari'ar tarihi ce

Mu fara da abin da kowa ya sani. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, ƙofar mai gari da ta sarkin kanton sai su cika. Wannan ya ce gonar kakansa ce, aro ya bayar. Wancan ya ce a'a, kakansa ne ya sare dajin da gatarinsa. Wani ya ce jingina aka yi a shekarar yunwa, an karɓi damin hatsi kaza, yanzu ya zo fansa. Waɗanda suka yi cinikin duk sun riga mu gidan gaskiya. Gawon da ke kan iyaka ya faɗi, gambar da aka dasa an tuge ta. Takarda babu. Abin da ya rage shi ne bakin tsofaffi, in kuma an rasa mafita a kai ga rantsuwa da Alƙur'ani.

To, abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar ƙasa da kanta ta yarda da bakin tsofaffin nan. Kundin dokokin karkara, wato doka mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, ya ce hakkin da mutum ya samu ta hanyar al'ada da wanda ya samu ta rubutacciyar doka, kariya ɗaya suke da ita. Aya ta 9 ta lissafa hanyoyin mallakar ƙasa ta al'ada, ta farkonsu kuwa ita ce gado wanda abin da jama'a ke tunawa ya tabbatar. Ku lura da wannan magana da kyau. Doka ce ke cewa a je a tambayi abin da gari ke tunawa. Haka nan dokar ta ce a fara gwada sulhu gaban sarakunan gargajiya kafin a kai ga kotu. Idan an kai kotun ma, a shari'ar gado, aure, da gonar da ba a yi wa rajista ba, alƙali da al'adar masu ƙara yake aiki, yana da mashawarta masana al'ada zaune kusa da shi.

Ke nan alƙalin da aka turo Tasawa ko Mayahi, ko ya so ko ya ƙi, aikin masanin tarihi yake yi. Yana sauraren labarai biyu masu karo da juna kan abin da ya faru shekara 60 ko 80 baya, ya auna wanne ne ya fi kusa da gaskiya. A makarantar shari'a an koya masa karanta ayar doka da tsarin ƙara. Auna labarin baka kuwa, da gane wanda aka ƙara wa gishiri, da haɗa shi da shekarar fari ko ta sarautar wane don a san lokacinsa, wannan a sashen tarihi ake koyar da shi.

Doka kan doka, kamar ɓawon albasa

Akwai dalili na biyu. Gona ɗaya a yankinmu ta rayu ƙarƙashin hukunci iri-iri. Kafin zuwan Nasara akwai hukuncin sarakunan Katsinawa da suka kafu a Maraɗi da Tasawa bayan jihadi ya fitar da su daga birnin Katsina a farkon ƙarni na 19, ga kuma fiƙihun Malikiyya a hannun malamai, ga al'adar masu gari da suka fara haƙa rijiya. Da Faransawa suka zo, suka kafa kotunan ƴan ƙasa ƙarƙashin kumandan, suka shata kantoni, suka naɗa wasu sarakuna suka tuɓe wasu. Tasawa ce ma mazaunin kumandan na wannan yanki kafin a mayar da shi Maraɗi.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta yi dokokin da suka rage ikon sarakuna kan ƙasa, ta kuma yi dokar 1961 da ta ja iyakar noma ta arewa, inda daga can ƙasar kiwo ce. A watan Disamba na 1974, Seyni Kountché ya yi jawabin da ya ce duk wanda ke noma gona a lokacin, ta zauna a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Jawabi ne aka ji a rediyo, amma mutane da yawa da ke riƙe da gonar aro sun kafa hujja da shi, masu gonar kuma ba su taɓa yarda ba. Har gobe akwai rigingimun da tushensu ke nan. Sai ga kundin 1993, sai dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 da ta ƙarfafa hakkin makiyaya na zirga-zirga da dabbobinsu.

Yanzu a ce an kawo ƙarar wata gona a gefen Gulbin Kaba. An ba da ita aro zamanin kumandan, mai aron ya riƙe ta da hujjar jawabin 1974, jikansa ya sayar da rabinta, burtali kuma ya ratsa ta gefe. Wace doka ce ke aiki a kan wane mataki? Wanda ya san ayoyin yau kawai zai ga gaba ɗaya ta labarin. Wanda ya san tarihi kawai zai ba da labari mai daɗi amma ba zai iya rubuta hukuncin da zai tsaya a kotun ɗaukaka ƙara ba. Sai wanda ya riƙe biyun.

Kuma kada mu manta abin da sakaci da irin wannan rigima ke jawowa. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin yankin Gidan Runji, nan jiharmu ta Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Allah ya kiyaye gaba.

Daga iyakar gona zuwa iyakar ƙasa

Abin da ke faruwa tsakanin maƙwabta biyu, shi ke faruwa tsakanin ƙasashe. Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya kan tsibirin Lete a kogin Kwara. Da aka kai maganar kotun duniya da ke birnin Hague, abin da lauyoyin ɓangarorin biyu suka tara shi ne tsofaffin wasiƙun kumandoji, taswirori da rahotannin zamanin mulkin mallaka. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotun ta ba Nijar tsibirin. Haka shari'armu da Burkina Faso, wadda aka yanke ranar 16 ga Afrilu 2013, ta rataya ne a kan wata takardar gwamnan Faransa ta 1927 da gyaran da aka yi mata a cikin shekarar. Ita kanta iyakar da ta raba mu da ƴan uwanmu na Katsina da Daura, yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898, 1904 da 1906 ne suka haife ta. Ƙasar da ba ta da ƴaƴanta masu iya tono irin waɗannan takardu su mayar da su hujja, dole ta yi hayar na waje da tsada.

Misali na kusa da mu kuwa yana Maijirgi. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso daga yamma tana ƙone garuruwa tana kashe mutane, ta wuce Lugu, ta ragargaza Birnin Ƙonni, har ta iso ƙasar Tasawa. Ranar 14 ga Yuli 1899, kusa da Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb wanda gwamnatinsu ta turo ya tsayar da shi. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu suka kashe su biyun, kaburburansu na nan Maijirgi. Kakanninmu sun bar mana labarin a baki, Faransa kuma ta ajiye nata a takarda. A shekarun nan wasu al'ummomin da abin ya shafa sun kai kokensu Majalisar Ɗinkin Duniya ta hannun lauyoyi, suna neman a buɗe takardun a kuma amsa laifi.

Ko irin wannan na yiwuwa? An taɓa yi. Tsofaffin Kenya da Turawan Ingila suka azabtar a shekarun 1950, lokacin tawayen Mau Mau, sun shigar da ƙara a Landan. Masana tarihi ne suka tsaya a matsayin shaidu, bincikensu ya taimaka aka tilasta wa gwamnati fito da dubban fayil da ta ɓoye. A 2013 Ingila ta bayyana nadamarta, ta biya fam miliyan 19.9 a kan mutum 5,228. Lauya shi kaɗai da bai kai ga haka ba, masanin tarihi shi kaɗai ma haka.

Yadda ake yin karatun

A wasu ƙasashe an gina wa wannan haɗi ƙofa tasa. A Amurka, manyan jami'o'i irin su Yale, Columbia da Stanford suna barin ɗalibi ya yi digirin lauya, mai shekara 3, tare da digirin dokta na tarihi a tsari guda, ana lissafa masa wasu darussa a ɓangarorin biyu don a rage masa lokaci. Duk da ragin, abin yakan ci shekara 7 ko fiye bayan digirin farko. A Faransa kuwa tarihin shari'a fanni ne mai zaman kansa a cikin tsangayar shari'a, yana da masta da dokta nasa, wasu jami'o'in Paris ma suna ba da lisansi biyu a haɗe tun daga shekarar farko.

Mu a nan, ɗalibi ne ke haɗa wa kansa hanyar. Tsarin jami'o'inmu shi ne wanda ake kira LMD: lisansi shekara 3, masta shekara 2, dokta aƙalla shekara 3. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da tsangayar shari'a da kimiyyar siyasa, tana kuma da sashen tarihi a tsangayar adabi. Jami'ar Tawa tana koyar da shari'a, abin sha'awa kuma sunan masanin tarihi take ɗauke da shi, Farfesa Djibo Hamani. Ta Damagaram ma haka, sunan André Salifou aka sa mata, wanda ya rubuta tarihin daular Damagaram, ya kuma shugabanci taron ƙasa na 1991. Jami'ar Musulunci ta Say tana koyar da shari'ar Musulunci da doka. Tamu ta Maraɗi, Dan Dicko Dankoulodo, ta fi ƙarfi a kimiyya, noma da kiwon lafiya, don haka ɗan yankinmu mai wannan buri sai ya yi tafiya.

Hanya ta farko, wadda ta fi sauƙin kuɗi: ɗalibi ya yi lisansi da masta duk a shari'a, amma ya zaɓi batun kundin bincikensa daga tarihi, misali yadda aka yi ta yanke shari'ar jingina a wani kanton daga zamanin kumandan zuwa yau. Ya nemi malamin tarihi ya duba masa aikin tare da malaminsa na shari'a, ya kuma riƙa zama a darussan dabarun bincike na sashen tarihi. Shekara 5 ke nan bayan bak, ba a ƙara ko ɗaya ba.

Hanya ta biyu: bayan mastan shari'a ya nemi shiga mastan tarihi. Kwamitin sashen ne ke duba takardunsa ya ce ya isa ko sai ya cike wasu darussa. Wannan zai ƙara shekara 2 ko fiye, amma a ƙarshe yana da takardun shaida biyu.

Hanya ta uku ita ce ƙetare iyaka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Bayero a Kano duk suna da tsangayar shari'a da sashen tarihi masu suna. A Zariya ne Yusufu Bala Usman ya yi aikinsa kan tarihin Katsina, wanda ya shafi tushen sarautun Maraɗi da Tasawa. Sai dai a kula: tsarin shari'ar Najeriya gadon Ingila ne, namu gadon Faransa. Digirin lauya na can ba ya buɗe ƙofar kotun nan kai tsaye. Don haka mai niyyar aiki a gida, ya yi shari'arsa a gida, tarihin ne zai iya nema can.

Ko wace hanya aka bi, akwai wuraren da ɗalibin zai yi zaman dirshan. Gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yamai, inda rahotannin kumandoji suke. Cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai, mai ɗauke da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa. Cibiyar CELHTO, ita ma a Yamai, wadda aikinta shi ne tarihin baka. Sai Dakar da garin Aix-en-Provence a Faransa don takardun mulkin mallaka, da Kaduna don na ɓangaren Ingila. Wannan na nufin harsuna: Faransanci mai kyau, Larabci da ajami, ɗan Ingilishi. A nan ɗan karkara yana da abin da ɗan birni bai da shi. Yaron da ya yi allo, ya taso yana jin bambancin aro da jingina da kyauta, ya san mece ce gamana da gandu, ya riga ya yi rabin tafiya. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, mai iya bayyana doka da Hausa tsantsa darajarsa ƙaruwa za ta yi.

Inda Alhaji yake da gaskiya

Ba za mu ɓoye muku ba, tsoron Alhajin yana da tushe. Shekarun da muka lissafa na kan takarda ne. Kowa ya san yadda yajin aiki da jinkirin shekarar karatu ke ja wa ɗalibai, lisansin shekara 3 ya koma 4 ko 5. Kuɗin tallafin gwamnati ba kowa ke samu ba, wanda ya samu ma yakan jira. Ga ɗiya mace kuma akwai maganar aure da gida ke yi mata kowace hutu.

Abu na biyu, takardar tarihi ba ta ba mutum damar zama alƙali ko lauya. Jarrabawar shiga makarantar horar da alƙalai da ta zama lauya, takardar shari'a suke nema. Saboda haka shawararmu ita ce shari'a ta zama gindin itacen, tarihi ya zama reshe. Wanda ya saki shari'a a tsakiya ya koma tarihi, sannan ya dawo, zai iya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Abu na uku, ba kowane ɗalibi wannan hanya ta dace da shi ba. Aiki ne na mai haƙurin zama da tsoho awa uku yana saurare, da mai jure ƙurar tsofaffin fayil. Wanda ke gudun fita neman aiki ne kawai ya fake da ƙarin karatu, gara a gane shi da wuri.

Ga mai biyan kuɗi, tambayoyi huɗu sun isa su nuna masa inda aka dosa. Wane batu ne takamaimai za ki bincika, a wane gari? Wane malami ya yarda ya duba aikin? Shekara nawa zai ƙara, nawa ne kuɗin kowace shekara? Wace jarrabawar aiki za ki zauna bayan an gama? Ɗalibin da ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, ya san abin da yake yi.

Aikin kuwa akwai shi: alƙalanci, aikin lauya, hukumomin kula da filaye da muke kira COFO tun daga na gari har na gunduma, ƙungiyoyin da ke aikin sasanta manoma da makiyaya, gidajen ajiyar takardu, hukumar iyakoki, da koyarwa a jami'a. Kasancewar mai tambayar ɗiya mace ce ma wani abin dubawa ne. Mata nawa ne a ƙauyukanmu aka hana rabonsu na gona da cewa wai al'ada ba ta ba mace ƙasa, alhali addini ya yanka musu kasonsu? Wadda ta san lokacin da wannan magana ta fara ƙarfi, wato sa'ad da jama'a suka yawaita daji ya ƙare, ta kuma san ayar doka, ita ce za ta iya tsaya musu.

Abin da za mu iya yi tun yau

Ba sai mun jira wani ya dawo da digiri ba. Duk wanda ya ba da aro, ya karɓi jingina, ya saya ko ya sayar, ya je wurin COFO ta garinsu a rubuta, da shaidu. In an yi sulhu gaban sarki, a nemi takardar sulhun a adana. Matasa masu waya, ku zauna da kakanninku ku ɗauki muryarsu: wa ya sare gonar, a zamanin wane sarki, su wa ke maƙwabtaka gabas da yamma, kudu da arewa. Ku faɗi ranar da kuka ɗauka da sunan waɗanda ke wurin. Ƴan uwa na ƙetare, in kun zo hutun salla, ku sa a yi wannan kafin ku koma, don sau da yawa gonar wanda ba ya nan ita ake fara ci.

Alhaji, ga amsarmu. Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda, gaskiya ne, amma ana cin ɗaya a bi da ɗaya. Ka ce wa ɗiyar taka ta riƙe shari'a har ta kammala masta, ta ɗauko batun bincikenta daga ƙasar Mayahi, ta kawo maka amsar tambayoyin nan huɗu. In ta kawo, ka sa mata albarka ka ci gaba da taimako gwargwadon hali. Mu kuma ƙofarmu a buɗe take: ranar da ta zo da na'urar ɗaukar magana tana neman tsofaffi, za mu yi mata sanarwa kyauta. Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.